Shekara 20 Khartoum Ba Ta Da Lasisin Windows, Kuma Ba Ta Rabu Da Ita Ba

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft na Amurka ya daina kula da Windows 10, wato babbar manhajar da ke cikin da yawa daga kwamfutocin gwanjon da ake saukewa a Legas da Kwatano, a biyo da su Kano, daga nan su watsu zuwa Jibiya da Maigatari da Illela, wasu su tsallaka Maraɗi da Ƙonni. Kwamfutar dai tana nan tana kunnuwa kamar kullum. Abin da ya tsaya shi ne facin da kamfanin ke aikowa duk wata ta intanet domin toshe kafofin da ɓarayin zamani ke bi su shiga. An ba mai kwamfutar gida ƙarin wa'adin shekara guda, zuwa 13 ga Oktoba, 2026, idan ya yi rajista ta musamman. Bayan wannan sai dai ya hau Windows 11, ita kuwa ba kowace na'ura take karɓa ba. Tana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, tana kuma neman ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a 2017. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 ne wannan sharaɗi zai iya mayarwa kayan bola. Ba sai an yi wa ɗan kasuwa duba ba, ya san ƙasashen da irin wannan kaya ke ƙarewa.

Shawarar da wasu masu gyara ke bayarwa ita ce a goge Windows ɗin a zuba Linux, manhajar da kowa ke da damar kwafa kyauta. Kafin mai karatu ya amince ko ya ƙi, yana da kyau ya ji labarin wani birni da aka tilasta masa wannan tambaya tun kafin ta zo kanmu, wato Khartoum da 'yar'uwarta Omdurman da ke tsallaken Kogin Nilu.

Yadda ƙofa ta rufe

Amurka ta sa Sudan cikin jerin ƙasashen da take zargi da goyon bayan ta'addanci a 1993. Ranar 3 ga Nuwamba, 1997 kuma Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan dokar takunkumi wadda ta haramta fitar da kaya ko fasaha ko wata hidima daga Amurka zuwa ƙasar. Gwamnatin Umar al-Bashir aka nufa, amma manhajar kwamfuta ma kaya ce a idon dokar, don haka sandar ta sauka a kan mai shagon buga takardu na Suq al-Arabi a tsakiyar Khartoum, da babban ɗan kasuwa na Suq Libya a yammacin Omdurman, da malamin Jami'ar Khartoum. Babu hanyar halal da za su sayi lasisin Windows ko na Office kai tsaye daga kamfanin. Babu katin Visa ko MasterCard da zai yi aiki a ƙasar balle a biya ta intanet. Shafukan sauke manhaja da dama da zarar sun gane cewa daga Sudan ake ƙwanƙwasawa sai su rufe.

Kamfanoni kuma sun riƙa wuce abin da dokar ma ta nema, saboda tsoro. Suna da dalili: a 2014 an ci bankin BNP Paribas na Faransa tarar kusan Dala biliyan 8.9 a kan hulɗa da Sudan da Iran da Kyuba. A watan Janairun shekarar, dandalin karatu na Coursera ya rufe wa ɗaliban Sudan ƙofa.

Wannan ba labarin baƙi ba ne a wajenmu. Hausawa da Fulani sun daɗe a Sudan ta hanyar aikin Hajji, kuma garin Mai Wurno da ke gaɓar Shuɗin Nilu ya samo sunansa ne daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda ya yi gabas da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Ga kuma ɗimbin 'ya'yanmu da suka yi karatu a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da sauran jami'o'in Khartoum. Wanda ya zauna can a waɗancan shekaru ya san yadda ake fama kafin a sabunta manhajar kashe bairos.

A lissafi, nan ne ya kamata Linux ta ci kasuwa

Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ne ya fara Linux a 1991, aka haɗa ta da kayan aikin shirin GNU wanda Richard Stallman ya kafa a 1983. Lasisinta ya ba kowa izinin ya kwafa, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba, har ya sayar. Wannan shi ake nufi da buɗaɗɗiyar manhaja. A 2004 attajirin Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya fito da Ubuntu, wani zubi na Linux da aka sauƙaƙa wa wanda ba injiniya ba, har kamfaninsa yana aika faifanta kyauta ta gidan waya zuwa 2011. Wasu ƙasashen da ke cikin takunkumi sun bi wannan hanya da ƙarfin gwamnati: Kyuba ta fito da tata mai suna Nova a 2009, Koriya ta Arewa tana da Red Star.

A Khartoum ma injiniyoyi da ɗaliban kimiyyar kwamfuta sun rungumi Linux, musamman a manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanai a bayan fage. Amma teburin akawu da na mai shago bai sauya ba. Abin da ya cika gari shi ne Windows ta kwafi, a faifan da ake saye da ƙaramin kuɗi, wadda sau da yawa ba ta samun faci, ga bairos na yawo a filashi daga shago zuwa shago. Mutanen da aka hana su saye, aka kuma ajiye musu madadi kyauta, sai suka zaɓi na sata mai haɗari. Masu kishin buɗaɗɗiyar manhaja kan ce rashin wayewa ne. Ni ban yarda da wannan ba. Ɗan kasuwar Omdurman ya san abin da yake yi.

Babu wanda ke sayen kwamfuta don ya zauna yana kallon Windows. Abin da yake so shi ne manhajar lissafin kayan sitonsa ta buɗe, firintarsa ta fitar da rasit, takardar da abokin cinikinsa na Dubai ko Jidda ya aiko ta fito yadda aka tsara ta. Mai shagon ɗab'i yana son CorelDraw da Photoshop, mai zanen gini yana son AutoCAD. Duk waɗannan ba a yi su don Linux ba. Kowace manhaja tana magana ne da babbar manhajar da ke ƙarƙashinta da wani yare na musamman: buɗe mini wannan fayil, zana mini taga, aika wannan ga firinta. Wadda aka rubuta da yaren Windows idan aka kai ta gaban Linux, kamar Bahaushen da bai taɓa fita ba ne aka ajiye shi a tsakiyar Suq Libya.

Tafinta da sabon gini

Hanyoyi biyu masana suka bi don warware wannan, kuma dukkansu sun girmi da yawa daga yaran da ke gyaran waya a Farm Centre.

Ta farko ita ce Wine, wadda aka fara a 1993, Alexandre Julliard kuma ya karɓi jagorancinta a 1994. Aikinta tafinta ne. Tana zama tsakanin manhajar Windows da Linux, duk abin da waccan ta nema sai ta juya shi zuwa yaren da wannan ke ji. Sai da aka shekara 15 ana wannan aiki kafin a fitar da zubi na 1.0 a watan Yunin 2008.

Ta biyu ta fi ƙarfin hali. Wasu masu sa kai suka ce maimakon tafinta, a gina wata Windows ɗin sabuwa tun daga tushe, buɗaɗɗiya, wadda za ta karɓi manhajojin Windows har da direbobinta, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa kwamfuta da firinta ko sikana. An fara a 1996 da sunan FreeWin95, a 1998 aka koma kiranta ReactOS. Windows ɗin da suke kwaikwayo ita ce ta zamanin Server 2003. A watan Maris na 2025 suka fitar da zubi na 0.4.15, kuma su da kansu suna gargaɗin cewa gwaji ce, kada a ɗora mata aikin yau da kullum. Shekara kusan 30 ke nan.

Kada a ɗauka lalaci ne. Microsoft ba ya nuna yadda ya rubuta Windows, don haka dole su tsaya daga waje suna lura da halinta suna kwaikwaya, har da kurakuranta, domin akwai manhajojin da suka dogara da waɗannan kurakuran ba tare da masu su sun sani ba. Ba su da damar leƙa rubutun asali ko da ya ɓulla ta hanyar sata. A 2006 da aka yi zargin cewa wani abu makamancin haka ya shiga ReactOS, sai da suka dakata suka bi rubutunsu suna tantancewa. Kuma kafin su kamo wata Windows ɗin, kamfanin ya fitar da wata. Ko Tarayyar Turai sai da ta ci tarar Microsoft Yuro miliyan 497 a 2004, tare da umartar sa ya bayyana wa abokan gasa yadda kwamfutocinsa ke magana da juna.

Inda Wine ta yi nasara sosai yana da ban mamaki: wasannin kwamfuta. Kamfanin Valve ya zuba kuɗi, ya fito da Proton a 2018 a kan tushen Wine, a 2022 kuma ya fara sayar da na'urar wasa ta Steam Deck mai Linux a ciki, tana tafiyar da dubban wasannin da aka yi don Windows. Tafinta yakan ƙware ne a yaren wanda ke biyan sa. Babu wani kamfani da zai biya injiniya ya zauna ya gano dalilin da ya sa manhajar sito ta Larabci da wani yaro ya rubuta wa 'yan kasuwar Omdurman take maƙalewa wajen buga rasit.

Takarda da haruffa

Matsala ta biyu ita ce fayil. Shekaru da dama tsarin ajiye takardun Word da Excel sirrin kamfani ne. A 2006 hukumar ƙa'idoji ta duniya ISO ta amince da wani buɗaɗɗen tsari mai suna ODF, a 2008 ta amince da na Microsoft shi ma. LibreOffice, wadda ta ɓalle daga OpenOffice a 2010, tana buɗe duka biyun, kuma wasiƙa ko teburin lissafi na yau da kullum ba sa ba ta wahala. Amma takardar da ke da tsari mai sarƙaƙiya, ko teburin da aka cusa wa umarnin sarrafa kai, sukan karkace.

Ga mai rubutu da Larabci abin ya fi tsanani a farkon shekarun 2000. Rubutun daga dama yake tafiya zuwa hagu, harafi yana sauya siffa gwargwadon inda ya faɗo a kalma, sannan tsofaffin fayiloli an ajiye su da lambar haruffa ta Windows-1256, wadda idan wata manhajar ba ta gane ta ba sai shafin ya cika da tarkace. Sai da masu sa kai irin na shirin Arabeyes suka yi shekaru suna aiki kafin Larabci ya zauna daidai a Linux. Mu ma mun ɗanɗana. Duk wanda ya taɓa buga Hausa da tsofaffin samfuran haruffa masu lanƙwasa, ya kai fayil ɗin wata kwamfutar, ya ga ƙ da ɗ da ɓ sun rikiɗe sun zama wasu alamomi, ya san zafin. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa guda, shi ya kashe wannan wutar, kuma yana aiki a Windows da Linux da waya baki ɗaya.

A Nijeriya an gwada. Kamfanin Leapsoft ya fitar da Wazobia Linux da Hausa da Yarabanci da Ibo a tsakiyar shekarun 2000, amma ba ta yi nisa ba. A 2007 an yi cacar baki a kan kwamfutocin 'yan makaranta 17,000 da aka yi odar su da Mandriva Linux, har shugaban kamfanin na Faransa ya rubuta wa shugaban Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa da ya ji ana shirin sauya su zuwa Windows. Birnin Munich na Jamus ma, da duk kuɗinsa, ya shekara fiye da 10 a kan tasa Linux ɗin, a 2017 majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa.

Kyautar ma ba ta tsira ba

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne, takunkumin ya taɓa buɗaɗɗiyar manhajar ita ma. A watan Janairun 2010 SourceForge, wanda a lokacin yana cikin manyan rumbunan irin waɗannan manhajoji, ya toshe masu shiga daga Sudan da Iran da Siriya da Kyuba da Koriya ta Arewa, domin kamfanin Amurka ne. Bayan an yi ca a kansa ne ya bar wa kowane mai manhaja ya yanke wa kansa hukunci. Ko a watan Oktoban 2024 an cire sunayen wasu 'yan Rasha daga jerin masu kula da sassan Linux saboda dokokin takunkumi.

Duk da haka akwai bambanci na gaske. Idan kwafi guda ya shigo Khartoum a aljihun matafiyi, halal ne a lasisinta a zuba shi a kwamfuta dubu, ba ya neman izinin kowa kafin ya yi aiki, kuma akwai rumbunan sauke shi a jami'o'i da kamfanoni na ƙasashe da yawa waɗanda ba na Amurka ba.

A watan Fabrairun 2015, bayan matasan Sudan sun yi ta kamfe, Amurka ta sassauta a kan wayoyi da kwamfutoci da manhajojin sadarwa. Ranar 12 ga Oktoba, 2017 aka ɗage babban takunkumin, a watan Disambar 2020 kuma aka cire ƙasar daga jerin ta'addanci.

Waya ta shigo ta bayan gida

Ana can ana jayayya a kan tebur, sai Linux ta shigo ta aljihu. Android, wadda ke cikin yawancin wayoyin da ake sayarwa daga Omdurman har Mubi, a kan zuciyar Linux aka gina ta. Ba ta yi wahalar kwaikwayon Windows ba, domin sabon fili ta samu, masu rubuta manhaja suka bi ta can. Haka kuma ayyuka da yawa suka koma cikin burauza, inda babu ruwan shafin banki da irin kwamfutar da ka zo da ita. A kan tebur kuwa, ƙididdigar StatCounter ta 2024 ta ba Linux kusan kashi 4 cikin 100 ne kawai a duniya.

Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 tsakanin sojojin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo, an rufe rassan bankuna a Khartoum, an wawushe kasuwanni da ofisoshi, gwamnati ta ƙaura Port Sudan, Nijeriya ta kwashe ɗalibanta ta Masar da ta Port Sudan. Abin da ya riƙe mutane da yawa shi ne Bankak, manhajar waya ta Bankin Khartoum, da ita ake sayen abinci, da ita 'yan'uwa na waje ke turo taimako. Sai kuma a watan Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, kuɗin mutane na nan a asusu amma ba hanyar taɓa su, har aka koma biyan masu na'urar Starlink don a samu 'yan mintoci. Sojoji sun karɓe tsakiyar Khartoum a watan Maris na 2025. Ɗan kasuwar da ya tsere da littafin bashinsa a filashi, a tsarin da kowace na'ura ke buɗewa kamar PDF ko teburin lissafi na gama-gari, yana da abin da zai nuna a Alƙahira ko Adre. Wanda nasa ke kulle cikin wata manhaja guda, a kwamfuta guda da aka bari a shago, sai dai ya dogara da abin da ya iya tunawa.

A bakin shago

Ga mai sayen laftof ɗin gwanjo da yawa don ya sayar, abu na farko shi ne ya duba lambar ƙwaƙwalwar. Idan an rubuta i5-8250U, lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin, wato na 8, Windows 11 za ta karɓe ta. Idan i5-6300U ce, zubi na 6 ke nan, ba ta cikin jerin, kuma bai kamata kuɗinsu ya zo ɗaya ba ko da jikinsu iri ɗaya ne. Akwai masu gyaran da ke da dabarar tura Windows 11 cikin tsohuwar na'ura da ƙarfi. Tana hawa, amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan na'ura faci ba. Mai saye yana da haƙƙin a gaya masa.

Tsohuwar na'urar kuwa ba ta mutu ba. Linux Mint 22 da Ubuntu 24.04 duk suna da alkawarin faci har 2029, kuma Mint tana tafiya da ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 4 ba tare da nishi ba. Ana iya kunna ta daga filashi a gwada ba tare da an goge komai ba. A nan ne za a yi abin da ya kamata: a jona firintar shagon a ga ko za ta buga, a gwada wayafai da modem, a buɗe ainihin takardun da ake aiki da su, a shiga shafin banki. Ɗalibi, da mai aikin wasiƙa da lissafi da intanet, yawanci za su wuce lafiya. Mai CorelDraw, da mai manhajar sito ta musamman, da wakilin fiton kaya da ke aiki da manhajar da kwastan suka tsara, su fara gwada tasu a kan Wine, ko su tambayi wanda ya rubuta ta, kafin a taɓa musu faifai. Idan ta ƙi, a bar musu Windows a na'ura guda da ba ta hawa intanet, a riƙa kwashe bayanan cikinta zuwa filashi duk ranar kasuwa.